Manhajar Bashmuhandis Fikri

Ƙungiyarmu ba babba ba ce. Ɗakuna uku ne a hawa na farko na wani tsohon bene a unguwar Muharram Bey ta Iskandariyya, saman shagon mai gyaran agogo, kuma duk sanda tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ya wuce sai kofunan shayinmu sun yi rawa a kan tire. Aikinmu bin tsofaffi gida-gida: allurar ciwon suga, wankin gyambo, gwajin hawan jini, wani lokaci kuma zama kawai a saurari labarin da aka riga aka haddace. Ni ce babba a cikin ma'aikatan jinyar, shi ya sa kowa ke ce mini Abla Insaf, wato Yaya Insaf, har waɗanda suka girme ni. Shugabarmu kuwa Madam Samiha ce, wadda ta yi ritaya daga shugabancin makarantar 'yan mata, amma har yau idan ta dube ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ka zo aji ba ka yi aikin gida ba.

A wani lokacin sanyi da ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, aka manta da wata tsohuwa. Hajja Nabawiyya sunanta, ita kaɗai take zaune a hawa na ƙarshe a Karmuz. Rabon aikinmu a kan allo yake da alli, ana kuma canza shi ta waya. A cikin ma'aikatanmu, Afaf ta ɗauka Suzan ta je, Suzan ta ɗauka Afaf ta je. Maigadin gidan ne ya ji shiru ya yi yawa, ya ɓalla ƙofa ya tarar da ita a ƙasa. Allah ya sa da sauran kwana, ta farfaɗo a asibiti. Washegari Madam Samiha ta shigo, ba ta ko ajiye jaka ba, ta ɗauki tsumma ta goge allon nan tas.

"Alli ya ƙare a gidan nan," in ji ta. "A kira mini Ramzi."

Ramzi ɗan wata marar lafiyarmu ne da ta rasu. A wani kamfanin jiragen ruwa yake aikin kwamfuta a tashar ruwa, ran Asabar kuma ya zo ya gyara mana abin da ya lalace, ba ya karɓar komai sai shayi mai sukari da yawa. Ya kusa arba'in a lokacin, sanƙo ya fara cin gaban kansa. Mutumin kirki ne, sai dai Allah bai ba shi iya zagaye ba. Idan rigarki ba ta yi miki kyau ba, kika kuskura kika tambaye shi, to ke kika jawo.

Ya ce mana ba sai mun miƙa wa wani kamfani sirrin marasa lafiyarmu ba. Akwai manhajojin da masu su suka buɗe cikinsu ga kowa: ki ɗauka, ki duba yadda aka gina ta, ki gyara abin da bai yi miki ba, ba wanda zai ce miki don me.

Afaf, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Ya Ustaz Ramzi, a garin nan duk abin da aka ce kyauta ne, ko dai ya ruɓe ko kuma da ƙugiya a cikinsa."

"Shi ya sa ba za mu ɗauka da ka ba," ya ce. "Sai mun gwada. Kuma kafin in duba ko wace manhaja, sai na ga aikinku da idona."

Haka kuwa aka yi. Ya ɗauki hutu ya riƙa bin mu, riƙe da jakar kayan aiki, yana haki a kan matakala. A nan ya gano cewa a cikin tsofaffin benayen nan masu kaurin bango intanet mutuwa take yi, don haka dole abin da za mu ɗauka ya yi aiki ko babu ita. Ya ga wayoyinmu, wasu fuskarsu a fashe, wasu sun tsufa har ba sa ɗaukar sabon abu. Ya ga Suzan ba ta karanta Turanci. Ya kuma ga irin abin da muka sani game da mutane: wa ke zaune shi kaɗai, wa ba ya iya tashi ya buɗe ƙofa. Wannan ya fi komai tsaya masa a rai.

Ya dawo da manhajoji guda uku. Ta farko ba ta daɗe ba. Da ya zauna ya karanta lasisinta sai ya ga zauren ne kawai a buɗe, ɗakin da muke buƙata, wato na rabon ziyara, a kulle yake, mabuɗin kuma na hannun kamfani. Afaf ta ce, "Ga ƙugiyar da na faɗa." Ta biyu babba ce, mutane daga ƙasashe da yawa ne suka haɗu suke gina ta, asibitoci masu yawa na amfani da ita. Ranar da aka sa ta a wayar Afaf ta daɗe tana juyawa kafin ta buɗe, Afaf ta ce, "Wannan ai giwa ce aka ce ta shiga lungu." Sunan ya bi ta, har yau Giwa muke ce mata.

Ta uku kuwa Ramzi ma bai yi tsammaninta ba. Ƙarama ce, da Larabci aka yi ta tun daga tushe, sunanta Nawal. Da ya duba wanda ya rubuta ta sai ya ga ai ɗan garinmu ne, a Ibrahimiyya yake zaune. Ya ce in raka shi.

Wanda ya buɗe mana ƙofa dogon tsoho ne mai farin gashin baki, sanye da rigar sanyi mai maɓalli. Fikri Abdul-Malak sunansa, injiniyan sigina ne a hukumar jiragen ƙasa har ya yi ritaya, don haka Bashmuhandis kowa ke ce masa, kamar yadda ake ce wa manyan injiniyoyi. Da kansa ya dafa mana gahawa. Nawal matarsa ce. Ta yi shekaru a kwance da ciwon mantuwa, masu jinya na zuwa suna tafiya, kowace sabuwa sai an sake yi mata bayani tun daga farko. Shi ne ya zauna ya gina abin da zai riƙe bayanin. Da ta rasu ya kasa goge shi, ya kuma kasa kallonsa shi kaɗai, sai ya sa shi a intanet don ko wani zai amfana.

Ya buɗe mana ita a kan tsohuwar kwamfutarsa. Idan kika taɓa sunan marar lafiya, ba cutarsa ce ke fara fitowa ba. Abin da ke fara fitowa shi ne wa ke riƙe da mabuɗin gidan, da wane kunne yake ji, wane suna yake so a kira shi da shi, wace magana ce ba a yi a gabansa.

"Nawal ba ta son a taɓa ta da hannu mai sanyi," in ji shi. "Idan kika yi, ranar ba za ta ci abinci ba. Gaya mini, ya Sitt Insaf, a wane layi na takardar asibiti ake rubuta wannan?"

Ni dai a lokacin na gama zaɓa a zuciyata. Ramzi ne ya ci gaba da tambaya.

"Ya Bashmuhandis, akwai wanda ya taɓa aiko maka da gyara?"

"Wani daga Tunis. Na mayar masa. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono."

"Bayanin yadda aka gina ta fa, a ina yake? Idan wani yana so ya shiga ya taimaka?"

Tsohon ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa, yana murmushi. "A nan. Wuri mafi tsaro a Iskandariyya."

Ramzi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Aka shiga gwaji. Rabinmu suka riƙe Giwa, rabi suka riƙe Nawal, daga baya aka yi musaya. Giwa ta ba mu wahala. Sunayen Larabci sai ta juya su, sunan uba ya zo kafin na ɗa. Kafin ki rubuta hawan jinin mutum ɗaya kin danna wuri biyar, ta kuma tambaye ki lambar inshorar da ba mu da ita a nan. Nawal kuwa kamar an auna mu aka ɗinka. Idan ma wani abu ya ɗan tsaya, Ramzi ya aika wa Bashmuhandis, kafin gobe an gyara.

Ba a jima ba tsohon ya daina jiran saƙo, ya fara zuwa da ƙafarsa. Ya sami kujera kusa da taga ya mayar da ita tasa. Yakan zo da kwat da hula, ya ɗora kwamfuta a cinya, duk wadda ta dawo daga zagaye ya tare ta: me ya ba ki wahala yau? Afaf ta mayar da shi abokin wasa.

"Ya Bashmuhandis, wannan kwat ɗin na angonci ne ko na kotu?"

"Na ranar da za ki rubuta zafin jiki ba tare da kin ƙara sifili ba ne. Ina ta jira."

"Wallahi da ka zo da wuri da na aure ka."

"Da na zo da wuri da na gudu da wuri."

'Yarsa Dalal, wadda ke aure a Mansura, ta taɓa kira na don ta yi godiya. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ji muryarsa haka ba.

Ramzi ne kaɗai bai shiga cikin murnar ba. Wata rana muka tsaya wajen mai ful, wato dafaffen wake, a bakin titi, yana riƙe da gurasarsa bai ci ba, ya gaya mini abin da ke damunsa. Ya shiga cikin Nawal ya karanta ta layi-layi. Kalmomin sirri a fili suke ajiye. Idan wayar ɗayarmu ta faɗi a tiram, wanda ya tsince ta, in yana da ɗan wayo, zai ga jerin tsofaffin da ke kwana su kaɗai da inda mabuɗin kowannensu yake.

Na ajiye tawa gurasar. "Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya gyara, amma ta hanyarsa. Akwai hanyar da duniya ta gwada ta amince da ita, ya ce ba ya sa abin da bai rubuta da hannunsa ba. Wannan ma ana iya shawo kansa, Abla. Abin da ba a iya gyarawa shi ne shi kaɗai ne. Na duba tarihinta tun daga ranar farko, ba hannun kowa a ciki sai nasa. Giwa kuwa, duk nauyinta, idan wannan ya gaji wancan ya ɗauka. An sami ɓaraka a cikinta bara, kafin mako ya zagayo an toshe."

"To kai ba za ka iya koyon tasa ba?"

"In ya bari. Kuma ni ma mutum ɗaya ne, da aiki a tashar ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, biyu ma da kyar."

Na ce masa to ya sami Madam ita kaɗai kafin ranar taron da kwamitinmu zai zaɓi manhaja, a san yadda za a gaya wa tsohon cikin mutunci. Ya ce zai yi. Amma Madam ta tafi Alƙahira wajen ɗanta da matarsa ta haihu, ba ta dawo ba sai ranar taron da hantsi. Kuma tun daga can ta kira Bashmuhandis da kanta ta gayyace shi, don a tunaninta ranar karrama shi ce.

Ya zo da sabon aski, da kwat ɗin da ba mu taɓa gani ba, da babban tiren basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, a hannu. 'Yan kwamiti suka zauna, mu ma muka tsaya a bakin ƙofa. Ramzi ya tashi ya yi bayani. Ya faɗi abin da kowace manhaja ta iya da abin da ta kasa, bai rage wa Nawal komai ba, ya ce ma'aikata sun fi son ta nesa ba kusa ba. Sannan ya ce shi dai shawararsa a ɗauki Giwa.

Madam Samiha ta sauke tabarau. "Ban gane ba. 'Yan matan nan suna son wannan, tana aiki, mai ita ga shi a zaune tare da mu. Mene ne aibinta?"

"Akwai batun tsaro, Madam."

"An ce mini an gyara."

"An gyara wani ɓangare. Akwai kuma batun ɗorewa."

"Ɗorewar me? Ya Ramzi, ni ba 'yar tashar ruwa ba ce. Yi mini magana yadda zan fahimta, a taƙaice."

Na ga ya dubi tsohon, ya dubi ƙasa. Da ya ce a ba shi minti biyu da Madam a waje, da shi ke nan. Amma Ramzi ne, an tambaye shi kai tsaye.

"Mutum ɗaya ne ya san cikinta, kuma ya haura saba'in. Ranar da ya mutu, mu da marasa lafiyarmu mun shiga uku."

Afaf ta kama bakinta. Bashmuhandis Fikri ya dafa gwiwoyinsa. Sannan ya miƙe a hankali, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa.

"Gaskiya ya faɗa," in ji shi. "Da ni ne a wurinsa, abin da zan rubuta ke nan. A jirgin ƙasa ba ma barin sigina a hannun mutum ɗaya." Ya ɗauki hularsa. "Ku ci basbusar, ta yau ce."

Madam ta bi shi har matakala tana kira, "Ya Bashmuhandis, don Allah ka tsaya." Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya juyo ba. Da ta dawo ta zauna, ta dubi Ramzi, ta tambaye shi ko ya tabbata da abin da ya faɗa. Ya ce ya tabbata. Aka ɗaga hannu, aka zaɓi Giwa. Basbusar maigadi aka ba.

Watannin farko mun sha wuya. Suzan ta yi kuka sau biyu, Afaf ta yi rantsuwar ajiye aiki fiye da yadda zan iya tunawa. Ramzi ya zauna ya gyara juyewar sunayen nan, ya aika wa mutanen Giwa gyaran, suka karɓa suka sa a cikin ta kowa. Wata mata a Amman da bai taɓa gani ba ta taya shi fassara sauran zuwa Larabci. Wani kuma daga wata ƙasa ya rage mata nauyi har ta riƙa buɗewa a tsofaffin wayoyi. Sannu a hankali ta zauna. Dole in faɗi gaskiya, tun daga lokacin ba a sake mantawa da kowa ba. Wayar Suzan ta taɓa ɓata a kasuwa, Ramzi ya rufe ta daga inda yake, ba abin da ya fita.

Abin da babu a cikinta shi ne wurin mabuɗi da kunne da hannu mai sanyi. A wani ɗan akwati can ƙasa muke cusa su, wanda aka rubuta wa "sauran bayani", kuma mai sauri ba ta kai wa nan. Wata sabuwar ma'aikaciya ta tambayi wani dattijo ina ɗansa, ɗan da ya nutse a teku, ya kwana biyu bai yi magana da kowa ba. A manhajar Nawal wannan ne abu na farko da za ta gani.

Ramzi ya ce yana so ya gina irin wannan shafin a cikin Giwa, ya aika wa kowa ya amfana. Ya ce amma shi ya san kwamfuta ne kawai, wanda ya san abin da ya kamata ya zo farko da abin da zai biyo baya yana Ibrahimiyya.

"To je ka same shi mana," na ce.

"Da wane ido, Abla?"

"Da waɗannan biyun da ke fuskarka. Magana ce ta fita, ba jini ka zubar ba."

Ya ce zai je. Sau ɗaya ma ya kai har ƙofar benen, da ledar lemo a hannu, ya tsaya yana hira da maigadi a kan ƙwallo, ya juyo. Madam ta kira tsohon a waya, ya amsa da ladabi, ya tambayi lafiyar kowa, ya ce yana da baƙi.

Abin da ya fi ci wa Ramzi rai shi ne yana ganin abin da tsohon ke yi, don shafin Nawal a buɗe yake ga kowa. Bayan taron nan Bashmuhandis bai daina aiki ba. Ya cire hanyarsa ta ajiye kalmar sirri ya sa wadda Ramzi ya ce. Ya nemo gyaran mutumin Tunis ɗin nan ya karɓa, har da godiya. Sannan ya fara rubuta bayanin yadda aka gina ta, babi-babi, da Larabci mai sauƙi, kamar mai koyar da ɗalibin da bai zo ba tukuna. Duk Asabar Ramzi zai buɗe ya ga an ƙara wani abu, ya ce mini wannan makon lalle zai je. Sai wata Asabar ya buɗe bai ga sabon abu ba. Ta gaba ma haka. Bayanin ya tsaya a tsakiyar wani babi.

Dalal ce ta kira ofis. Ta ce ɓarin jikin babanta na dama ya shanye, an sallamo shi daga asibiti, tana neman wadda za ta riƙa zuwa kafin ta shirya masa wuri a gidanta. Ban ba kowa ba, ni na ɗauka.

Na same shi a gadon da aka jawo kusa da baranda don ya riƙa ganin titi. Ya rame, bakinsa ya karkace, amma idanun nan nasa ne. Na gwada jininsa, na fito da waya zan shigar da shi cikin marasa lafiyarmu, sai na ji kunya ta kama ni, na ɗan juya baya. Ya yi wani sauti, ya miƙo hannun hagu. Na ba shi. Ya daɗe yana ja da babban yatsa, yana duba Giwa sama da ƙasa, kamar mai duba gidan da 'yarsa za ta zauna. Ya miƙo mini.

"Da... kyau," ya ce da kyar. Sai can ya ƙara, "Ramzi?"

Da na fita ban jira Asabar ba. Na kira shi a wurin aiki na ce masa ko ya zo gobe ko kada ya sake kira na Abla.

Ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar wanda aka kawo gaban alƙali, sai da Dalal ta tura masa kujera. Ya riƙe hannun tsohon na hagu ya ce, "Ya Bashmuhandis, ka yafe mini. Bakina ne." Tsohon ya girgiza kai, ya matse hannunsa, alamar a bar maganar. Sai Ramzi ya fito da kwamfutarsa ya nuna masa zanen shafin da yake son ginawa. Ya ce ya rasa abin da zai sa a sama. Mabuɗi ne ko suna? Kuma abin da ba a faɗa a gaban marar lafiya, yaya za a nuna wa ma'aikaciya shi ba tare da marar lafiyar ya hango a wayar ba?

Fuskar tsohon ta yi haske. Ya san amsar, kowa a ɗakin ya ga ya sani. Ya buɗe baki, kalmar da ta fito ba ita yake nema ba. Ya sake gwadawa, ta sake fitowa a karkace. Ramzi ya miƙa masa biro, hannun hagu ya yi wasu layuka da ba sa karantuwa. Ya jefar da biron, ya bugi katifa, hawaye suka gangaro ta gefen da ya shanye. Dalal ta ce a hankali, "Ya gaji, ya Ustaz. Wata rana."

Ramzi ya ci gaba da zuwa bayan nan, amma bai sake kawo kwamfuta ba. Jarida yake karanta masa, ya aske masa gemu, su zauna suna kallon masu wucewa. Ba a daɗe ba Dalal ta gama shirinta ta tafi da shi Mansura. Can ya rasu kafin zafi ya shigo. Mu huɗu muka je gaisuwa, Madam da Afaf da ni da Ramzi, a cocin unguwar Dalal a Mansura.

Shafin dai Ramzi ya gina shi daga abin da muka iya tunawa da abin da ya gani a cikin Nawal. Mutanen Giwa suka yi ta muhawara a kansa, suka karɓi rabi, suka sa shi a wurin da sai an danna sau biyu kafin a kai. Ya fi babu. Ko haka tsohon zai tsara shi, ba wanda ya sani.

Bara, wata Asabar da rana, ina haɗa jakata zan fita zagaye, Ramzi ya kira ni in zo in ga wani abu. Wata likita ce daga wani ƙaramin asibiti a Port Sudan ta yi rubutu a shafin Nawal. Ta ce sun daɗe suna neman abin da zai dace da masu bin marasa lafiya gida, sun gwada wannan sun ga kamar don su aka yi ta. Tana tambaya ko har yanzu ana kula da ita, don suna so su ɗauka.

Ramzi ba shi da ikon canza komai a shafin, mabuɗinsa ya tafi da mai shi. Abin da zai iya kawai shi ne ya amsa kamar kowane mai wucewa. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge.

"Me zan ce mata, Abla?"

"Me ka sani?"

Ya rubuta mata cewa wanda ya gina ta ya rasu, ba wanda ke kula da ita yanzu, kuma bai ba ta shawarar ta zuba bayanan marasa lafiya a cikin abin da ba mai toshe ɓarakarsa ba. Ya gaya mata sunan wadda muke amfani da ita, ya ce idan sun tashi zai taimaka musu su kafa ta.

Kafin in gama ɗaure takalmi ta amso. Ta yi godiya, ta yi ta'aziyya, ta ce daga ganin aikin an san mutumin ya san jinya. Sannan ta tambaya ko shi ɗansa ne.

Ramzi ya sake karanta tambayar. Ya rubuta mata, "A'a. Na dai taɓa shan gahawa a gidansa."

Na ɗauki jakata na sauka, don akwai mai jiran allura a Karmuz.